Shaidar Talauci

A wurinmu idan aka ce mutum yana da rufin asiri, ba a ce mai arziki ne ba. Ana nufin yana ci yana sha, yana sa tufa mai tsabta ran Lahadi, ba kuwa wanda ya san ranar da tukunya ba ta hau murhu a gidansa ba. Yawancinmu a nan muke, muna ma roƙon Allah ya bar mu a nan. To, sai ga zamani ya kawo inshorar lafiya, inda kowa ke zuba wani abu a asusu guda domin ranar ciwo, gwamnati kuma ta ce za ta ɗauke wa matalauci nasa kason. Amma da sharaɗi. Sai ya je gaban akawu ya buɗe asirin nan, a auna shi, a ga ko ya kai matalauci. Akawu kuwa bai san shi ba, saboda haka yakan nemi shaidar waɗanda suka san shi: mai unguwa, ko sarkin zango, ko limami, ko fasto da dattawan ikilisiya. Tambayar da nake so mu duba ita ce, idan ma'aunin doka ya bar wani mabukaci na gaske a waje, ya halatta mai bi ya karkata shaidarsa domin a shigar da shi?

Zan ɗauki misalin Gana, gama a can ne aka daɗe ana gwada abin, 'yan'uwanmu masu jin Hausa kuma suna cikinsa tsundum, daga Nima da Sabon Zango na Akara har zangon Kumasi da Tamale. A 1985 gwamnatin Gana ta ɗora kuɗi mai nauyi a kan jinya a asibitocinta, daga baya abin ya zama sai ka biya kafin a ba ka magani. Tsofaffi suna tune da kwanakin nan. Mutum yakan kwanta a gida yana jiƙe-jiƙe har sai ciwo ya ci ƙarfinsa, sa'an nan a sayar da akuya ko zane a kai shi asibiti a makare. A 1992 asibitin Katolika na Nkoranza, da ya gaji da ganin majinyata sun kasa biya, ya kafa asusu na mutanen yankin, kowa ya zuba kaɗan a shekara, wanda aka kwantar asusu ya biya masa. Ba laifi mu tuna cewa a ƙofar asibitin mishan ne aka ga irin wannan shuka ta tsiro da wuri. A 2003, zamanin Shugaba Kufuor, majalisa ta yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya, aka kuma sake ta a 2012.

Kuɗin asusun ba daga kuɗin kati yake fitowa ba, sai ɗan kaɗan. Mafi yawa daga haraji ne na kashi 2.5 cikin ɗari da aka ɗora a kan kayan saye da sayarwa, da wani kashi 2.5 da ake cirewa daga abin da ake zuba wa ma'aikata a asusun fansho. Wanda ba ma'aikacin albashi ba, shi ne ke biyan kuɗin shekara da hannunsa. Da fari an tsara shi hawa-hawa bisa ga ƙarfin mutum, daga tsohon sidi 72,000 zuwa 480,000, wato sidi 7.20 zuwa sidi 48 bayan canjin kuɗi na 2007. A takarda abin ya yi kyau. Amma wa zai auna abin da mai koko da ƙosai take samu? Yau ta sayar, gobe ruwa ya tsuge ta koma da kayanta. Mahauci ba shi da takardar albashi. Manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi, da kaka, kafin damina ta yi tsaka kuwa rumbu ya yi ƙasa. Saboda haka a wurare da yawa sai aka koma karɓar kuɗi kusan iri ɗaya daga kowa.

Waɗanda aka yafe wa kuɗin shekara sun haɗa da yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga shekara 70, da mata masu ciki tun daga 2008, da kuma fakirai. Na farkon ukun ba su da wuyar ganewa. Ciki ba ya ɓuya, yaro kuma yaro ne. Irin wannan hanya ce Nijar ta bi a 2006 da ta ce a yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar magani kyauta, ba a tambayi abin da ubansu ke samu ba. Fakiri ne mai wuya, gama talauci ba ya da takardar haihuwa. Sai ƙa'idar da aka fitar a 2004 ta ba da siffarsa. Ta ce fakiri shi ne wanda ba shi da aiki ko wata hanyar samu da ake gani, ba shi da tsayayyen wurin kwana, ba ya zaune tare da wani mai aiki mai muhalli, ba kuma wanda ke taimakonsa a kai a kai.

Mai karatu, ka sake duba siffar nan, ka zagaya zango da ita a zuciyarka. Mutum nawa ka samu? Wataƙila mai taɓin hankalin da ke kwana a tasha. Ban da shi da wuya. A ce ga wata gwauruwa mai shekara 62, mijinta ya zo daga arewa yin gadi ya rasu a nan, ɗanta guda ya tafi neman zinariya shekara biyar ba labari. Hawan jini ya kama ta, ba ta iya tallan da take yi dā. Wata maƙwabciya mai sayar da waken shinkafa ta ce mata, "Iya, zo ki riƙa kwana a ɗakina," tana kuwa zuba mata abinci safe da yamma. A idon kowa a unguwa wannan tsohuwa ba ta da ko anini. Amma a ma'aunin 2004 tana da wurin kwana, tana zaune da mai sana'a, tana da mai taimakonta kullum. Shekara 70 kuma da saura takwas. Alherin maƙwabciyarta ne ya fitar da ita daga lissafi. Da an bar ta ta kwana a bakin kwata, da ta cika sharaɗi.

Wannan ba ƙaramin aibi ba ne a doka, masu mulki ma sun gane haka. Shekarun farko fakiran da aka rubuta ba su taka kara sun karya ba. Daga baya aka haɗa masu karɓar tallafin LEAP, wanda aka fara a 2008 domin gidaje mafi talauci, dokar 2012 kuma ta bar wa ma'aikatar jin daɗin jama'a ta tantance wane ne fakiri. An sassauta ke nan. Duk da haka iyaka tana nan, ko'ina kuwa aka ja iyaka akwai wanda zai tsaya taku ɗaya a bayanta. Kada mu ce laifin rashin takardu ne kawai. A Amurka, inda hukumar haraji ta san samun kusan kowa, dokar inshora ta 2010 ta ba da tallafi ga gidan da samunsa ke tsakanin ma'aunin talauci na gwamnati da ninkinsa huɗu. Yadda aka rubuta ta da fari, wanda ya haye ninki huɗun nan ko da dala ɗaya ya rasa tallafin duka, har ya zama ƙarin aiki kaɗan na iya jawo wa gida hasara mai yawa. Ma'auni mai kaifi ne can, namu dakusasshe, amma dukansu suna yanka.

Yanzu a ce jami'i ya zo unguwa, ya tambayi dattijon ikilisiyar tsohuwar nan, "Baba, tana da mai kula da ita?" Kalma ɗaya ce tsakaninta da kati. Na san abin da zuciyar mutumin kirki za ta gaya masa, ba na kuwa raina shi. Za ta ce: doka an yi ta domin irin wannan mata, waɗanda suka rubuta ta ne suka kuskure kalmomi, idan na ce ba ta da kowa na cika nufin doka. Za ta tuna masa da ungozomomin Ibraniyawa da suka ɓoye wa Fir'auna gaskiya domin su ceci jarirai, Allah kuwa ya sa musu albarka. Za ta ƙara da cewa manya suna cin abin da ya fi wannan sau dubu, mene ne kuɗin kati guda.

Kafin mu amsa, mu lura cewa auna mutum bisa ga ƙarfinsa ba baƙon abu ba ne a Littafi Mai Tsarki. A Littafin Firistoci sura 5 hadayar zunubi hawa uku ce: mai hali ya kawo tunkiya ko akuya, wanda bai iya ba ya kawo kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu, wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa ya kawo ɗan garin alkama. A sura 27 firist ne ke duban matalauci ya yanka masa abin da zai iya. Da Yusufu da Maryamu suka kai Yesu Haikali, tsuntsaye biyu suka riƙa, kowa kuwa da ya gan su a hanya ya san matsayinsu. Har ikilisiyar farko tana da ma'auni. Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti a Afisa cewa kada a sa gwauruwa a jerin masu karɓar taimako sai ta kai shekara 60, wadda kuma take da 'ya'ya ko jikoki su ne za su riƙe ta, domin kada a nawaita wa ikilisiya, ta iya taimakon waɗanda ba su da kowa da gaske. Wanda ya karanta 1 Timoti sura 5 da idon basira zai ga ta yi kama da ƙa'idar Gana ƙwarai, har abin ya ba shi mamaki. Saboda haka ba za mu ce tambayar akawu mugunta ce ba. Asusu yana da ƙasa, dole a tambaya.

Amma akwai bambanci, shi ne kuwa zuciyar maganar. Bulus bai tsaya ga cire gwauruwa daga jeri ba. Ya juya kan ɗan da ya yi watsi da uwarsa, ya ce ya fi marar bi muni. Timoti ya san matar, ya san ɗan, yana da ikon kiransa ya tsauta masa. Wato a Afisa idan aka ce wa mace ba ki cikin jeri, an riga an san hannun da za ta faɗa. Akawu ba shi da wannan. Idan ya ce a'a, aikinsa ya ƙare, ya kira na gaba. Dattijon ikilisiya kuwa ba akawu ba ne. Wurin Timoti yake tsaye.

Shi ya sa nake cewa bai halatta ya yi shaidar zur ba. Misalin ungozomomi bai zauna a nan ba, gama su suna gaban mai kisa ne, ba su da wata ƙofa. Asusun inshora ba Fir'auna ba ne, kuɗin maƙwabta ne, har da na mai waken shinkafar nan da ta biya haraji a kan man girkinta. Ƙofa kuma a buɗe take, ba ta ma da nisa: a biya wa tsohuwar kuɗin shekara. Abin da ya raba ta da kati bai kai abin da zumuntar mata ke kashewa a kan anko na biki guda ba. Idan ikilisiya mai mutum ɗari ta gwammace dattijonta ya yi ƙarya a kan ta fitar da wannan, to, ba tausayi ne ya motsa ta ba. Ta sami hanyar yin alheri da aljihun wani ne, ta kuma biya da sunan dattijonta.

Shari'ar Musa ta hango wannan jaraba. A Littafin Firistoci 19 da Fitowa 23 an hana son kai ga mai iko a shari'a, wannan kowa ya yarda. Amma a wuri ɗaya an hana karkata ga matalauci ma. Dā nakan ji mutane suna cewa wannan magana ta yi tsauri. Ni kuwa ina ganin kariya ce ga matalaucin kansa. Shaidar fasto tana da daraja a gaban jami'i muddin an san ba ta lanƙwasuwa. Ranar da aka gane takardar majami'a kaza ana samunta da hawaye, ranar ce ta zama takardar ƙunsa ƙosai, gwauruwa ta gaba kuwa, wadda da gaske ba ta da kowa, ita za ta sha wuyar. Sa'an nan wanda ya buɗe ƙofar don tsohuwa ba zai iya rufe ta ba idan ɗan'uwa mai shago biyu, mai ba da baiko mai kauri, ya zo ya ce a sa sunan surukarsa. Ya riga ya nuna cewa shaidarsa tana duban fuska.

Ga shi kuwa irin mai shagon nan ya fi yawa a cikinmu fiye da yadda muke so mu faɗa. Mutumin da ba zai taɓa ɗaukar sisin maƙwabci ba yakan rage samunsa a gaban akawu ba tare da lamirinsa ya motsa ba, domin a ganinsa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Hananiya da Safiratu ma lissafi suka karkata a gaban asusun jama'a. Bitrus ya gaya wa Hananiya a fili cewa gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, ba wanda ya tilasta musu. Laifin shi ne adadin da suka faɗa ba shi ne adadin ba. Su sun yi don a ga sun ba da duka, mu muna yi don a ga ba mu da kome, amma ƙaryar guda ce. Ba na cewa ƙaryar ƙananan mutane ce ta jawo shekarun da hukumar inshora ta yi watanni ba ta biya asibitoci ba, har na mishan suka yi barazanar daina karɓar kati. Wannan nauyi yana wuyan masu riƙe da baitulmali, ya kamata kuma shugabannin ikilisiya su faɗa musu ba tsoro. Sai dai bakin da zai faɗa ya kamata ya zama wanda ba a taɓa kama shi yana ƙara suna a jeri ba.

Amma fa kada dattijon da ya ƙi ƙarya ya koma gida yana jin ya gama. Gaskiyar da ba ta ci masa kome ba, ta kuwa bar tsohuwa ba maganin hawan jini, ba abin fahariya ba ce. Firist da Balawe da suka ratse a hanyar Yariko ba su yi wa kowa ƙarya ba. Wanda ya hana hannunsa sa hannu a takarda, sai ya sa shi a aljihu, ko ya tashi ran Lahadi ya sa ikilisiya ta sa nata. Kuma faɗin gaskiya ba ya nufin amsa da kalma ɗaya. Yana iya ce wa jami'i, "Ranka ya daɗe, tana kwana a ɗakin maƙwabciya, ba danginta ba ce, ita ma da ƙyar take ciyar da 'ya'yanta huɗu, gobe idan mai gida ya ƙara kuɗin haya dukansu suna waje." Wannan duka gaskiya ne, ya ma fi "i" ko "a'a" gaskiya. Sau da yawa jami'i yana da sarari a hannunsa fiye da yadda muke zato, ba ya kuwa iya amfani da shi sai an ba shi cikakken labari. Idan kuma labarai irin wannan suka taru, aka kai su inda ake gyara doka, to, ana gyarawa. Ikilisiyar Urushalima ma da gwaurayen masu jin Helenanci suka yi gunaguni an manta da su a rabon abinci, manzanni ba su ce su yi haƙuri ba, sai suka sake tsarin, aka zaɓi mutum bakwai.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba. Waɗanda suka cancanta amma ba su zuwa sun fi waɗanda ake ƙi ban tausayi. Tsoho ya wuce 70, ko gida yana cikin waɗanda doka ta yafe wa, amma kunya ta hana, domin a ce wane ya je an rubuta shi fakiri ya fi masa ciwon zafi. Wani ma yakan sa wa kunyar rigar bangaskiya, ya ce Ubangiji ne likitansa. Ɗan'uwa, wannan ba bara ba ne. Duk ranar da ka sayi sabulu ko batir a kanti ka zuba a asusun nan, shekara da shekaru. Uwar Ubangijinmu ta ratsa Urushalima da hadayar matalauta a hannu, ba a kuwa rubuta cewa ta sunkuyar da kai ba. Aikin dattawa a nan shi ne su rage tonon asirin iyakar iyawarsu: a yi maganar a ɗaki, mutum ɗaya ya raka shi ofis, kada a karanta sunaye daga bagade. Tun ƙarshen 2018 ma ana iya sabunta kati ta wayar hannu, saboda haka ma'ajin ikilisiya na iya biya wa mutum goma daga kujerarsa ba wanda ya ji.

Duk abin da na faɗa ya rataya a kan abu ɗaya, wato akwai waɗanda suka san mabukacin. Tsohuwarmu tana da maƙwabciya, tana da benci da take zama a sujada. A nan ne nake ganin maganata ta gaza kaiwa. A kasuwannin Akara da Kumasi akwai 'yan mata masu dako da ake kira kayayei, rabin sunan ma daga kalmarmu ta kaya ya fito. Daga arewacin ƙasar suke zuwa, suna ɗaukar kaya a kwano bisa kai daga safe har dare, da yawansu suna kwana a bakin shaguna ko a cunkushe a ɗakin katako. A ma'aunin 2004 sun cika rashin wurin kwana, amma suna da hanyar samu da ake gani, gama kowa na ganin kwanon. An sha yi musu rajista kyauta ta hannun gwamnati da ƙungiyoyi, amma kati shekara guda yake yi, yarinyar kuwa kafin shekara ta zagayo ta koma gida noma ko ta sauya kasuwa. Ba ta cikin littafin wata ikilisiya ko masallaci a birnin, ba dattijon da za a tambaya a kanta, balle ya shiga jarabar yi mata ƙarya. Mata da yawa daga cikinmu sun san ta, ita ce ke bin su a baya da doya da tumatir ran Asabar har bakin mota, a miƙa mata 'yan kuɗi ta juya, ba a tambayi sunanta ba.